Asid ɗin da ya saura bayan haɗa sinadarai

Wajen haɗa wasu sinadarai, asid haidirokulorik kan fito a matsayin shara da dole a cire. Don ganin wata hanyar cire shi, sai a duba abin da kamfanin sinadarai na BASF ya yi a Ludwigshafen ta Jamus a 2002.

A da, wani sinadari mai suna tirayetilamin suke zubawa don ya kama asid ɗin, sai gishirin da ya fito daga haɗuwarsu ya yi kauri kamar kunu, ya toshe bututu, juya haɗin ya gagara. Da suka koma amfani da wani sinadarin mai suna 1-metilimidazol, sai gishirin ya fito a narke, tunda yana narkewa a wajen digiri 75 na ma'aunin Celsius, zafin aikin kuwa ya wuce haka. Yakan kwanta a ƙasa kamar ruwa a ƙarƙashin mai, sai kawai a tsiyaye shi. A zuba masa soda (sodiyam haidirokosaid), a sake samun imidazol ɗin a mayar da shi aiki. Ni dai nan ne dabarar ta fi burge ni.

Sai dai a kula kada tukunyar haɗin ta huce, domin gishirin zai daskare. Kuma a lissafa kuɗin soda da na zubar da gishirin da zai rage bayan an zuba ta tun kafin a fara.