Gidan da ba zai rufta kan mai shi ba: shawarwarin da aka bayar

A wata tattaunawa kan yadda za a samar wa talaka gidan da bala'i ba zai rusa ba, kusan bakin masu tattaunawar ya zo ɗaya: talauci ba ya sauke wa gwamnati nauyin samar wa jama'a muhalli mai aminci, domin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 ta sanya shi cikin haƙƙoƙin ɗan Adam.

An fi daɗewa kan dokar gini. A 2010 girgizar ƙasa ta kashe sama da mutum 100,000 a Haiti, amma wadda ta fi ta ƙarfi a Chile, a shekarar, ba ta kai ga kashe 1,000 ba, abin da aka danganta da bin dokar gini a Chile. Doka a takarda kuwa ba ta riƙe bango. Shawarar ita ce a horar da ƙananan magina, tunda su ke gina wa talaka, su san yawan rodin da ginshiƙi ke buƙata, su daina ha'incin siminti. Ni ma nan na fi karkata.

Batun tayar da mazauna bakin kogi ne ya raba kawuna. Wasu sun ce dole ne. Wasu suka ce duk wanda aka kai nesa da sana'arsa, ba tare da takardar mallakar fili ba, komawa zai yi.

An kuma yaba wa Bangladesh kan mafakar guguwa da gargaɗin gaggawa.