An gayyace ni buga golf a Moor Park, me ya kamata in sani kafin ranar?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu buga golf a nan Ingila ku taimaka min da shawara. Wani Bature abokin aikina mamba ne a kulob ɗin golf na Moor Park, can wajen Rickmansworth, ya ce in zo Asabar ta sama mu zaga rami 18 tare da abokansa biyu. Ni a gida na koyi wasan, filin da bakin raminsa ba ciyawa sai yashi da aka kwaɓa da mai, wanda muke ce wa birawun, kuma tunda na zo Landan filayen da kowa ke biya ya shiga kawai nake zuwa, ban taɓa taka kulob na mambobi ba. Handikaf ɗina, wato lambar da ke nuna matakin ƙwarewar ɗan wasa, 19 ne. Jiya na ga hoton ginin da ke tsakiyar filin wlh sai da gabana ya faɗi, kamar fadar sarki. Mutumin nan ya mutunta ni, ba na so in ba shi kunya a gaban mutanensa.

Dattijo_Watford:
Wa alaikumus salam Baban Ilham. Kwantar da hankalinka, a irin wuraren nan ba wanda ya damu ko ka gama zagayen da bugu 85 ko 105, abin da suke kallo shi ne ladabi da kuma kar ka ɓata musu lokaci. Ka sa riga mai kwala ka cusa ta cikin wando, banda jins. Takalmin golf ka riƙo shi a jaka ka canza a ɗakin canza kaya. In za ka shiga cikin ginin cire hula, waya kuma a rufe mata baki tun daga ƙofa. Ka isa da kamar minti 45 kafin lokacinku, kuma ka tambayi mai masaukinka tun yanzu ko za a zauna cin abinci bayan wasa, don wasu tsofaffin kulob ɗin suna da ƙa'idar kayan da ake shiga ɗakin cin abinci da su. Kuɗin baƙo kai ka fara cewa za ka biya, in ya hana ka sai ka saya wa kowa abin sha, kai ka ɗauki lemonka, ba mai ce maka don me.

Hajiya_Fati_MK:
Ƙanena ai wurin da za ka je tarihi ne da kansa. Ginin nan tun shekarun 1720 aka mayar da shi yadda kake ganinsa, dajin da ke kewaye kuma shahararren mai tsara lambuna Capability Brown ne ya tsara shi a shekarun 1750, shi ya sa bishiyoyin suke tsaye kamar an auna wa kowace gurbinta, to an auna ɗin ne. Lord Leverhulme mai sabulun Sunlight ya sayi wurin, ya ɗauko Harry Colt ya zana filayen, aka buɗe a 1923. Kuma ka san kamfanin wannan mutumin, Lever Brothers, shi ya sayi Kamfanin Neja a 1920, wanda daga baya ya narke cikin UAC, masu sayen gyaɗa da fatu a wajenmu. Ni duk sanda na tuna wannan sai in ji wani iri, kakana gyaɗa ya noma har ya rasu. Saboda haka ka shiga da kanka a sama. In an ba ka dama ka ce a nuna maka ɗakin da ake kira Arnhem, a gidan nan sojojin laima na Birtaniya suka tsara harin da aka kai garin Arnhem na ƙasar Holan a 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Sadiq_7iron:
Yaya ni maganar wasan zan yi, don a nan ɗan birawun ke shan mamaki. A gida da rani ƙasa kamar siminti take, ka buga ƙwallo ta faɗi ta yi ta gudu ta ƙara maka yadi talatin kyauta, to a filin bishiyoyi na Ingila musamman yanzu da ake ruwa, inda ta faɗi nan za ta zauna, don haka ka ƙara sanda ɗaya a kan abin da ka saba, in zuciyarka ta ce sanda mai lamba 8 ɗauki mai lamba 7, wadda ta fi kai ƙwallo nesa. Girin kuma, wato lallausar ciyawar da ke kewaye da ramin a madadin birawun, shi ne babban abu, a birawun dukan ƙwallo kake da ƙarfi ta tafi kusan miƙe, a nan taɓa ta kaɗan za ka yi ta gangara ta wuce ramin, kuma Colt mutum ne mai son ɗora girin a kan tudu ya tsare shi da ramukan yashi, in ka gaza kaiwa ta dawo maka ƙasa. Ka yi minti 20 a girin ɗin gwaji kafin ku fara, ya fi maka amfani da dukan direba, sandar bugu mai nisa, sau hamsin. In ka shiga bishiya kar ka nemi yin bajinta ta tsakanin rassa, turo ta gefe ka fito fili. Ka tambaye shi ma wanne za ku buga, biyu ne, High da West, High ɗin ya fi tsawo.

Baban_Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya wlh ban san wannan alaƙar ba. Sadiq, abokin nawa ya ce High za mu buga. To in ƙwallo ta ɓace cikin ganye fa? Sannan la'asar za ta same mu a fili don sha ɗaya da rabi za mu fara.

Dattijo_Watford:
Minti 3 doka ta ba ka na nema tun gyaran 2019, da can 5 ne. In ka ga ta nufi daji ka faɗa musu a fili cewa za ka buga ta wucin gadi, ka buga nan take, kar sai ka je ka rasa ka dawo. In wasan wani rami ya lalace maka gaba ɗaya ɗauke ƙwallonka ku wuce. Kuma abin da Sadiq ya manta, wanda a wajena ya fi duk abin da ya lissafa: ka sa ɗan ƙarfen gyaran girin a aljihu, duk inda ƙwallonka ta lotsa ciyawa ka gyara, ka ƙara da na wani in ka gani, ka share yashi da manjagara bayan ka fita daga ramin yashi, ciyawar da sandarka ta ɓanɓaro ka mayar ka taka. A gida akwai yaro mai jan buhu yana share birawun, a nan kai ne. Mambobi suna lura da wannan sosai.

Sallah kuwa ka gaya wa abokinka tun kafin ranar, kar ka bari sai a fili. Mutum huɗu awa huɗu ne ko da ɗan ɗori, in lokaci zai ƙure ka roƙe shi ya nemo muku na safe, ƙarfe tara haka, ka gama ka yi azahar a natse. Ni na sha yi a gefen mota da 'yar dardumata.

Baban_Ilham:
Na kira shi yanzu Baba, ya samo mana tara da minti ashirin. Gobe in sha Allah zan je in sayi ƙarfen gyaran girin ɗin.