Wace kalma za mu ba R&D a harkar ma'adinai?

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Daga yankin Doguwa nake rubutu, kusa da Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza. An nemi in juya wa matasanmu wani bayani kan kuɗin da kamfanonin ma'adinai ke kashewa a abin da Turawa ke taƙaitawa da R&D, wato Research and Development, sai na tarar fassarar da muka saba ji a rediyo, wato "bincike da ci gaba", ba ta zauna ba.

Matsalar farko tana ga kalmar bincike. Idan ka ce wa mai haƙa kamfani ya kashe kuɗi a bincike, abin da zai zo masa shi ne an tura masana duwatsu su auna ƙasa, su huda ta, su ɗebo samfuri. Wannan neman ma'adini ne, kuma aiki ne daban, domin ko Dokar Ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta ware lasisin nema daga iznin haƙa, haka kuma masu lissafin kuɗi na duniya suna da ƙa'ida ta musamman, IFRS 6, wadda kuɗin nema kaɗai ta shafa. Ƙananan kamfanonin nema na Kanada da Ostareliya na iya ƙarar da jarinsu wajen huda ƙasa ba tare da sun fito da sabuwar dabara ko ɗaya ba. Shi kuwa R&D tambayarsa ita ce yaya za a yi aikin, ba ina arzikin yake ba. Misalinsa shi ne hanyar fitar da zinariya da sinadarin sayanayid da aka yi wa rajista a 1887, wadda ta sa dutsen da ake zubarwa ya zama abin riba, ko manyan motoci marasa direba da kamfanin Rio Tinto ya fara gwadawa a yankin Pilbara na Ostareliya a 2008.

Kalmar ci gaba kuwa ta fi muni, saboda a bakinmu tana nufin titi da asibiti da wutar lantarki. Mutumin ƙauye da ya ji kamfani ya ware miliyoyi don ci gaba zai zauna jiran rijiyar burtsatse, alhali kuɗin ɗakin gwaje-gwaje suka tafi.

Wani malaminmu na sakandare, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ba da shawarar "bincike da gwaji". Ranka ya daɗe, hujjarka tana da ƙarfi, tunda mayar da sakamakon ilimi ya zama injin da ke aiki gwaji ne bayan gwaji. Sai dai masu nema ma suna haƙa ramukan gwaji, suna kai samfuri a gwada, ka ga mun koma gidan jiya.

Abin da na tsaya a kai shi ne "nazari da ƙirƙira". Nazari ya ɗauke mu daga daji ya kai mu ga tunani da awo, ƙirƙira kuma ta nuna cewa akwai sabon abu a ƙarshe, ko na'ura ko hanyar tace ƙarfe. Na san wasu za su ce ƙirƙira ta fi sabawa da ƙagaggun labarai, amma mun riga mun karɓi "ƙirƙirarriyar basira" a fagen kwamfuta, kunne ya saba.

Ga yadda jimlar ta fito a takardar da zan karanta wa matasan: kamfanonin ma'adinai suna zuba kuɗi mai yawa a neman ma'adini da sayen injina, amma kason da suke warewa don nazari da ƙirƙira ƙarami ne ƙwarai idan aka gwada da na kamfanonin magunguna, domin yawancin sababbin na'urorin masu ƙera injina irin su Caterpillar da Komatsu ne ke fito da su. Wanda jimlar ta yi masa nauyi a baki, don Allah ya gyara mini kafin ranar Juma'a.