Shawarwari ga mai neman zama ƙwararren safiyo a RICS

Waɗanda suka bi hanyar RICS, ƙungiyar ƙwararrun safiyo ta Birtaniya, sun fi nanata abu guda: ka samu mai ba ka shawara, mamba a ƙungiyar, wanda zai zauna da kai, ba mai sa hannu kawai ba. Mai digirin da ƙungiyar ta amince da shi yakan yi wata 24 yana horo, yana rubuta aikinsa kullum. Kada ka bari rubutun ya taru, in ji su, mantuwa za ta cinye shi.

Za ka kuma rubuta rahoton aikinka mai kalma 3,000; ka tabbata ya nuna shawarar da kai ka yanke. A ganawar ƙarshe ta awa ɗaya da masu tantance ka, tambayoyin ɗa'ar aiki kan kayar da mutane, komai gwanintarsu.