Tambaya kan sinadarin keratin da ke cikin gashi da farce

Mai kitso daga Zariya:
Assalamu alaikum. Wata da nake yi wa kitso ta kawo mini kwalbar mai da aka rubuta keratin a jikinta, tana cewa zai ɗinke gashinta da rilaksa ta karairaya. Ina roƙon masana su bayyana mini mene ne wannan sinadari, kuma ko da gaske yana iya gyara gashin da ya riga ya lalace.

Malamin kimiyya:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Keratin furotin ne, kuma da shi aka gina gashi da farce da ƙaho da kofato da ulun tumaki da gashin tsuntsu. Ƙarfinsa yana zuwa ne daga wani tubali mai suna sistin, wanda yake ɗauke da farar wuta, domin ƙwayoyin farar wutar su ne suke kama juna bibbiyu su ɗaure zaruruwan furotin ɗin tamau. Ƙaurin da kike ji idan ana babbaka kai da ƙafa ranar Babbar Sallah, farar wutar nan ce take ƙonewa. William Astbury na Jami'ar Leeds ta Ingila ne ya binciki tsarin zaren ulu da hasken eksire a shekarun 1930, sannan masanin kimiyya ɗan Amurka Linus Pauling ya bayyana siffar zaren furotin ɗin mai kama da murɗaɗɗiyar igiya a 1951.

Ruwa da zafi suna kwance wasu ƙananan ɗauri ne kawai, ba na farar wutar ba, shi ya sa gashin da aka miƙar da ƙarfe mai zafi yake komawa gidan jiya da zarar an wanke shi. Rilaksa kuwa, musamman mai sodar da ake yin sabulu da ita, manyan ɗaurin na farar wuta take tsinkawa, kuma ba sa komawa yadda suke. Gashin da ya fito daga fata ba shi da rai, don haka ba ya warkewa. Man da ta kawo zai cike gurabe ya sa gashin santsi zuwa wani lokaci, amma gyaran gaskiya sai sabon tsiro. Ki kuma duba jikin kwalbar da kyau, domin wasu magungunan miƙar da gashi masu wannan suna suna fitar da wani sinadari mai suna fomaldihaid idan an ɗora zafi, wanda hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya cikin masu jawo cutar kansa.

Ma'aikaciyar jinya:
Malam ya yi bayani. A wajenmu sau da yawa keratin ɗin ne yake yin yawa, kamar kaushi da faso a dunduniya, sai a ba da man shafawa mai yuriya ko asid ɗin salisilik don ya tausasa shi. Makero kuma ƙwayar cuta ce da keratin ne abincinta, shi ya sa take cinye gashin kan yara. Akwai ma audugar ɗaure rauni da aka samar a Niyu Zilan daga keratin na ulu.

Tela a Kano:
Ni dai abin da na sani shi ne, bilic yana narkar da ulu, kuma na taɓa asarar rigar sanyin wani bawan Allah ta haka. Idan ina shakkar zare sai in ƙona ɗan guntu: ulu na gaske yana ƙaurin gashi ya bar toka mai murmushewa, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule.

Mai kitso daga Zariya:
Allah Ya saka da alheri. Malam, ashe shi ya sa lalle yake daɗewa a farce fiye da tafin hannu?

Malamin kimiyya:
Ƙwarai kuwa. Launin lalle yana manne wa keratin ne ba ya saki, amma fatar sama tana sabuntawa cikin 'yan makonni, shi kuwa farcen hannu kusan milimita 3 yake tsirowa a wata, don haka jan zai yi ta matsawa gaba har sai kin yanke shi.