Me za mu kira "calcification" na bawul ɗin zuciya ga mai ciwon hanta?

Mai fassara: Malamai, ana shirya takardar bayani ga marasa lafiyar da hantarsu ta lalace, an kuma gano bawul ɗin zuciyarsu ya yi abin da likitoci ke kira "calcification". Bawul dai kowa ya san shi daga bakin kanikawa. Ɗayar kalmar ce ta tsaya mini a wuya. "Tsatsa" ta yi?

Likitan zuciya: Tsatsa ba ta yi ba, Malam, don ita cin ƙarfe take yi har ya rube, nan kuwa ƙari ake samu. Bawul huɗu ne a zuciya, kuma wanda abin ya fi kamawa shi ne na bakin babbar jijiyar da ke fita da jini zuwa jiki. Fallaye uku gare shi, sirara kamar fatar albasa. Gishirin kalsiyam da fosfet, irin wanda ke cikin ƙashi, shi ke taruwa a cikin naman fallayen har su ƙi lanƙwasuwa. Lafiyayyar ƙofar tana da faɗin murabba'in santimita 3 zuwa 4. In ta koma ƙasa da 1, ko gudun jinin da ke ratsa ta ya kai mita 4 a daƙiƙa, an shiga mataki mai tsanani.

Malamin Hausa: To ni zan fara da bawul ɗin. Abin da ke buɗewa gefe guda ya rufe da kansa ai ƙyaure ne. "Ƙyauren zuciya" ya fi "marfi", don marfi ɗauke shi ake yi a ajiye. Game da taruwar kuma, ku dubi farin ɓawon nan da ke mannewa a gindin butar shayi in ana dafa ruwan rijiya. Ina ba da shawarar "ƙanzo".

Nas: Malam, in ka ce ƙanzo, tsohuwa za ta tambaye ni maganin da zai jiƙa shi ya ɓamɓare. Babu shi kuwa.

Likitan zuciya: Gaskiyar Sista. Ƙanzo a saman tukunya yake, wannan kuwa a cikin nama yake tsirowa, ƙwayoyin fallen ne ke rikiɗa su riƙa aiki irin na masu gina ƙashi. An gwada magungunan rage kitsen jini, ba su tsayar da shi ba. In ya yi tsanani sai sauya ƙyauren, ko a buɗe ƙirji, ko a zura sabo ta jijiyar cinya, hanyar da likitan zuciya Alain Cribier ya fara yi wa mutum a birnin Rouen na Faransa a 2002.

Likitar hanta: Kafin ku yanke, ku ware kalmar hantar ma. "Ciwon hanta" ya yi faɗi, da shi ake kiran cutar nau'in B wadda ita ce ke yawan kai mutanenmu ga wannan hali. "Cirrhosis" shi ne lokacin da tabo ya maye gurbin nama, hantar ta yi gudaji-gudaji ta taurare. Ni "ƙeƙashewar hanta" nake so.

Dalilin da ya sa bambanta kalmomi ke da amfani a nan: mai ƙeƙasasshiyar hanta jijiyoyinsa a sake suke, zuciya na tura jini fiye da ƙima. Jini mai yawa ta ƙofa ɗaya dole ya yi gudu, sai na'urar hoton zuciya ta nuna tsukewar ta fi yadda take. Shi ya sa ake komawa ga hoton CT a auna kalsiyam ɗin kansa: makin Agatston (ma'aunin yawan kalsiyam ɗin) 2000 ga namiji, 1200 ga mace, shi ke nuna mai tsanani. Ke nan taruwa daban, tsukewa daban, kada kalma guda ta ɗauki biyun. Haka kuma ƙyauren ƙarfe na buƙatar warfarin, maganin hana jini daskarewa, har ƙarshen rai, ga shi mutumin na iya samun kumburarrun jijiyoyi a hanyar abinci masu fashewa da aman jini. Saboda haka an fi karkata ga ƙyauren naman dabba.

Malamin Hausa: Na janye ƙanzo. "Alli" fa? Fari ne, mai tauri, kuma asalin kalmar ta Latin farar ƙasa take nufi. A ce "ƙyauren ya yi alli", kamar yadda muke cewa ƙarfe ya yi tsatsa. Sunan abin: "allin ƙyauren zuciya".

Nas: Wannan zai shiga kunne. Amma a ƙara layi ɗaya a takardar cewa ba shan nono ko cin alli ke kawo shi ba. In ba haka ba, mutumin da dama ya rame saboda hanta zai daina shan kindirmo, alhali jikinsa na neman abinci mai gina jiki.

Mai fassara: Na rubuta: ƙyauren zuciya, bawul a gefe ga wanda ya saba da shi, allin ƙyaure, tsukewar ƙyaure, ƙeƙashewar hanta. Saura ƙyauren da ke barin jini ya koma baya. "Yoyo" ko "zurara"?

Likitan zuciya: Yoyo.