Alkaliniti ba alƙalanci ba ne: mu nemo masa suna

1/ Jama'a, kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙoshi. Ƙanin matata da ke Samaru ya ɗauko wa kansa ɗawainiya: kiwon murjani mai rai a tankin gilashi, a nan Zariya, garin da ruwansa bai wuce Kubanni da Galma ba. Ruwan tekun ma haɗa shi yake yi da gishirin kanti a cikin tataccen ruwa. Zai tafi hidimar ƙasa, sai ya ce, "Yaya, taya ni rubuta wa yaron gidanmu yadda zai kula da shi, da Hausa." Muna ta tafiya lafiya har muka iso kan alkalinity, ɗaya daga cikin abubuwan da ake aunawa a ruwan tankin. Nan biro ya tsaya.

2/ Kalsiyam ba shi da rigima. Likitoci sun riga sun saba mana da shi a zancen ƙashi da haƙori, mun bar shi yadda yake.

3/ Da na tambayi mutane me za a kira alkaliniti da Hausa, wanda ya fara ba ni amsa cewa ya yi a rubuta alkalanci a wuce wurin. Na ce to ai yaron zai zaci kotu za a kai murjanin. Abin dariya shi ne duka biyun daga Larabci suka fito, amma ba uwa ɗaya ba uba ɗaya. Alƙalinmu daga alƙadi ne. Alkali na masu kimiyya kuwa daga sunan tokar wasu tsirrai ne da ake jiƙawa a yi sabulu. Wato tun asali zancen ruwan toka ake yi, abin da kakanninmu suka sani sarai.

4/ Bari in faɗi abin da ake aunawa, don sai an san yaro ake raɗa masa suna. Murjani mai dutse yana gina ƙashinsa da abu biyu da yake tsotsa daga ruwa: kalsiyam da kabonet. Masu tanki suna riƙe kalsiyam tsakanin 400 zuwa 450 ppm (wato kaso cikin miliyan), alkaliniti kuma tsakanin 7 zuwa 11 dKH (ma'aunin da ake ƙirga shi da shi). Na zauna na ga yadda yake gwajin. Ya ɗebi ruwan tanki a 'yar kwalba, ya ɗiga maganin gwaji, ruwan ya zama shuɗi. Ya ci gaba da ɗigawa yana lissafi a baki, yana girgizawa, a ɗigo na takwas ruwan ya juye ruwan ɗorawa. Ya ce takwas ke nan. Abin da yake ɗigawa mai tsami ne. Ashe gwajin gaba ɗaya tambaya ɗaya ce: tsami nawa ruwan nan zai iya shanyewa kafin ya sallama?

5/ Ina ganin haka sai na tuna Goggo a madafi. Idan yakuwa ta yi wa miya tsami, takan tsiyaya ruwan jiƙaƙƙiyar kanwa daga ƙaramin kwano, kumfa ta taso fuu, ta juya da ludayi, ta ɗanɗana a tafin hannu. Kumfar nan iskar kabon ce ke fita. Ita kanwar da ake kawowa daga wajajen Tafkin Cadi, abin da ke yin aikin a cikinta sodiyam kabonet ne da baikabonet. Na ɗauki robar sinadarin ƙara alkaliniti da ya sayo da tsada daga waje, na karanta bayanta. Su ɗin ne dai. Kanwa ce ta je makaranta ta dawo.

6/ Sai na ce ƙarfin kanwa. Na ji daɗin kaina har kwana biyu.

7/ Wata malamar kimiyyar sinadarai ce ta rusa mini shi, kuma da gaskiyarta. Ta ce, Malam, duk wanda ya ji "ƙarfin kanwa" zafinta a harshe zai tuna, wannan kuwa pH ne, ma'aunin tsami ko zafin kanwa na ruwa, ba alkaliniti ba. Tanki na iya nuna pH 8.2 yau, lafiya lau, alhali abin da ke tare masa tsami ya kusa ƙarewa. Ɗaya yana gaya maka halin da ruwa ke ciki yanzu, ɗayan yana gaya maka abin da ya rage a rumbu. Ɗalibai ma a aji nan suke rikicewa, in ji ta, kada mu ƙara musu da Hausa.

Wasu sun kawo kanwantaka da kanwanci. Kanwantaka ta yi kama da hali, kamar mutuntaka, ba abin da ake ƙirgawa ya ragu ba. Makashin tsami kuwa ya dace da abin da ke cikin roba, bai dace da adadin da ke cikin ruwa ba.

8/ Kalmar rumbu da malamar ta yi amfani da ita ce ta buɗe mini ido. Ajiyar kanwa. Ku gwada ta a baki: "Ajiyar kanwa ta sauka zuwa shida." "Murjani ya cinye ajiyar." Ta zauna. Kuma lissafi yana bayanta. Duk lokacin da murjani ya ci kalsiyam 20 ppm, yana haɗawa da kusan 2.8 dKH. Kalsiyam ya sauka daga 420 zuwa 400, ko a jikinsa. Ita kuwa ajiyar daga 8 ta faɗo kusa da 5, murjani ya shiga wahala. Ƙaramin rumbu ne, shi ya sa shi ake fara leƙawa.

9/ Abin da ake zubawa a mayar da gurbi kuma na kira shi ciko. Cikon kalsiyam, cikon kanwa. Ba magani ba ne, don ba ciwo ake warkarwa ba.

Hanyoyin cikon uku ne, kuma ga ƙaramin tanki irin nasa ban ga abin dogon tunani ba. Robobi biyu, ɗaya kalsiyam kulorayid, ɗaya sodiyam kabonet ko bekin soda, su suka fi sauƙi ga yaro. Sharaɗinsu kada su haɗu da juna kafin kowanne ya baje a ruwa. Shi kansa mai tankin ya taɓa yin ganganci yana sauri zai tafi masallacin Juma'a, ya juye su wuri ɗaya. Ruwan ya yi fari fat kamar an dama farau-farau, alli ya kwanta a kan duwatsu da famfo, kuɗinsa suka bi ruwa. Magniziyam ma a riƙa duba shi, wajen 1300 ppm, domin idan ya yi ƙasa allin nan ya fi saurin fita.

Hanya ta biyu ita ce na'urar da ke narkar da tsakuwar murjani da iskar kabon. Tana son tukunyar gas da wutar da ba ta ɗaukewa, don haka mu wuce.

10/ Ta ukun ce sunanta bai gama zama ba. Kalkwasser, kalmar Jamusanci, ruwan gasasshiyar farar ƙasa da aka jiƙa. Yana kawo kalsiyam da ajiyar kanwa a tare, ana ɗiga shi a hankali a madadin ruwan da ya ƙafe, saboda pH ɗinsa ya haura 12. Da hunturun Zariya, yadda iska ke shanye ruwan tanki, zai yi aiki sosai. Na rubuta ruwan farar ƙasa na wucin gadi, amma ina tsoron yaron ya je wurin masu shafen bango. Mai abin da ya fi, bismillah.

11/ Wani ya tambaya ko ke nan za a iya sayo kanwa a kasuwar Sabon Gari a jefa. A'a, don Allah. Ta kasuwa tana ɗauke da yashi da gishiri da wasu abubuwan da ba ka san adadinsu ba. Sunan muka ara. Shi ya sa takardar da muka manna a jikin tankin da salatif ta ce: "Auna ajiyar kanwa Litinin da Alhamis. In ta gaza 7, zuba cikon roba mai jan murfi, ka jira minti goma kafin ka taɓa ɗayar. Ban da kanwar Inna."